Wa Zai Cike Ramin? Dokar Muhalli Da Ƙananan Masu Haƙar Ma'adinai

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganar haƙa za mu yi. Haƙar ƙasa, haƙar yashi, haƙar zinare, da kuma dokar da aka ce ita za ta kare mu daga abin da haƙar ke bari a baya. Na san wani zai ce, to mu 'yan cikin birni me ya haɗa mu da ma'adinai? Ai wannan maganar mutanen Zamfara ce, ko na Jos. Ɗan dakata tukuna, malam.

Birnin nan da muke zaune a cikinsa, haƙa ce ta kafa shi. Tarihin baka ya ce maƙera ne Abagayawa suka taso daga Gaya suna neman tama, suka same ta a gindin Dala, suka zauna. Masu binciken kayan tarihi kuma sun gano burbushin narkar da ƙarfe a wurin wanda ya kai ƙarni na 7. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, wadda Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ƙasarta ba daga sama ta faɗo ba. Haƙo ta aka yi. Haka duk wani tsohon soro da ka sani a cikin gari, duk wani tubali. An ɗebi ƙasar an yi gini, ramin kuma aka bar shi a nan. Sunansa kududdufi.

Kududdufi ya yi mana rana, kada mu yi masa butulci. Shi yake shanye ruwan damina shekara da shekaru. Amma ku dubi abin da ya koma. Ya zama bola, ya zama gidan sauro, kwatocin unguwa duk a ciki suke ƙarewa. Kusan kowace damina sai ka ji hukumar kashe gobara ta je ciro yaron da ya nutse. Daga baya kuma aka shiga cike shi da shara ana yanka fuloti, ruwan ya rasa inda zai je, ya shigo mana tsakar gida. Wanda ya haƙa ramin ya yi ɗaruruwan shekaru a kabari, mu ne muke sayen maganin zazzaɓi. To dokar muhalli ta haƙar ma'adinai, in ka cire mata dogon Turanci, tambaya ɗaya take yi: kafin ka haƙa, wa zai ɗauki nauyin abin da za ka bari?

Bari mu ga me dokar ta ce, don da yawanmu ba mu ma san akwai ta ba.

Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 44(3), ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasar Najeriya na gwamnatin tarayya ne. Ko da a gonar kakanka ne. Gonar taka ce ka noma, abin da ke ƙasanta ba naka ba ne. Sai babbar dokar ma'adinai ta 2007, da ƙa'idojinta da aka fitar a 2011. A ciki akwai lasisi na musamman na ƙananan masu haƙa, filinsa ba ya wuce murabba'in kilomita 3, ana bayarwa na shekara 5, ana iya sabuntawa. Dokar ta ce kafin ka fara aiki sai an yi nazarin illar da aikinka zai yi wa muhalli, sai ka kawo tsarin yadda za ka gyara wurin bayan ka gama, sai ka riƙa zuba kuɗi a wani asusu na gyaran muhalli. Ta kafa kwamiti a kowace jiha, MIREMCO, mai lura da ma'adinai da muhalli. Ta hana haƙa a cikin gari, da kasuwa, da maƙabarta, da wuraren tarihi. Ga kuma hukumar NESREA, ita ma ta 2007, mai tilasta bin dokokin muhalli.

Wallahi a takarda ba laifi. In ka karanta sai ka ce mun gama da wannan matsala.

Shekara 3 kacal bayan sa hannu a wannan doka, aka wayi gari yara suna mutuwa a Zamfara.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan MSF, likitocin nan na gari na kowa, suna zagayen sa ido kan cutar sanƙarau, suka ji labarin ƙauyukan da yara ke ta mutuwa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai ya suma, shikenan. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. An ba su na sanƙarau, bai yi ba. Sai da aka tura jini waje aka gwada, aka ga dalma ce. Gubar dalma.

Daga ina? Farashin zinare ya tashi a duniya, a 2010 oza ɗaya ta haura dala 1,200. Manomi ya ga abin da zai samu a buhun dutse ya fi abin da zai samu a buhun gero, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Sai dai dutsen yankin, zinaren a cakuɗe yake da dalma mai yawan gaske. Maza su haƙo, su kawo gida. A farfasa da guduma a tsakar gida, a daka a turmi, a kai injin niƙa, irin wanda ake niƙa hatsi da shi, a niƙa shi a bushe ya zama gari. Ƙurar ta tashi ta sauka a tabarma, a kwanon abinci, a bakin rijiya, a ƙasar da jariri ke rarrafe. Kun san yaro, duk abin da hannunsa ya taɓa baki zai kai. Kuma jikin yaro ya fi na babba saurin zuƙar dalma.

Ku saurari waɗannan alƙaluma. Hukumar CDC ta Amurka ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu, ta ƙirga yara 'yan ƙasa da shekara 5 guda 463. A cikinsu 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A lokacin, ma'aunin Amurka na dalma a ƙasar da yara ke wasa shi ne kada ta wuce 400 a cikin miliyan. A wasu wurare a ƙauyukan nan an auna sama da 100,000. Jimillar yaran da suka rasu an ƙiyasta sun kai 400. Dareta, Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega. Waɗanda suka rayu kuma, wasu sun makance, wasu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada, domin abin da dalma ta lalata a kan yaro ba ya dawowa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaran da aka haifa a shekarar, da sun rayu, da yanzu ƙannenmu ne da ke sakandare.

Abin da nake so mu lura da shi a nan, a ranar da ake niƙa dutsen nan a Dareta, dokar 2007 tana nan daram. Ba a soke ta ba. Ba ta dai san hanyar Dareta ba ne.

Me ya sa? A ganina, saboda an ɗinka rigar ne da awon kamfani, aka ce mai shebur ya saka. Ka ɗauki mutumin da jarinsa diga ne da shebur da buhu. Ka ce masa ya nemi lasisi a ofishin rajistar ma'adinai na tarayya, ya kawo taswirar fili da lambobinta, ya kawo shaidar ƙwarewa, ya kawo shaidar yana da kuɗin aiki, ya ɗauko ƙwararre ya rubuta masa rahoton muhalli. Wani lokacin ma in ya je zai tarar filin da yake haƙa tuni wani a Abuja ko Legas ya riƙe takardarsa, bai taɓa taka wurin ba. To me zai yi? Zai koma ramin ne ba takarda. Da zarar ya zama marar takarda kuwa, ya zama mai laifi. Mai laifi kuma ba ya kiran jami'in gwamnati ya zo ya duba masa ƙura. Yana ganin mota zai ɓuya. Ina ma aka fi ɓoye aiki in ba cikin gida ba, inda mata da yara suke?

Dokar ta yi tanadin cewa ƙananan masu haƙa su haɗu su yi ƙungiyar gama-kai, gwamnati ta riƙa tura musu malamai kamar yadda ake tura malaman gona. Wannan tunani ne mai kyau, kuma shi ne ɓangaren da ya fi cancanta a zuba wa kuɗi. Amma ku tambayi duk wanda kuka sani ya taɓa zuwa dajin zinare, sau nawa ya ga malamin haƙa, sau nawa kuma ya ga mai karɓar na goro.

Yanzu ku ji abin da ya tsayar da mutuwar, don a nan darasin aikin yake. Hukumomi da masarauta suka ce a fitar da niƙa daga cikin gari. Ƙwararru na wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics, tare da mutanen ƙauyukan, suka bi gida-gida suna kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, a kwashe a binne a rami na musamman, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Sai an yi haka MSF ke fara ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, domin in ka ba shi magani ka mayar da shi cikin ƙurar, aikin banza ka yi.

Nan ne Bagega ta maƙale. Gari ne babba, aikin ya fi ƙarfin kuɗin agaji, gwamnatin tarayya ta yi alkawari kuɗin bai fito ba. Yara kusan 1,500 suna jiran magani ba dama a fara. Human Rights Watch ta yi rahoto a 2012. Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka tayar da gangamin #SaveBagega a Twitter da Facebook, suka hana gwamnati sakat. A watan Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka yi aikin. Masu cewa surutun intanet ba ya komai, ga guda ɗaya da ya yi. Amma fa ku lura, ba zagi suka yi ta yi ba. Lambar kuɗi suka riƙe, da sunan gari, da tambaya ɗaya: ina kuɗin?

An koyi darasi? A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yankin Shikira. Yara 28. Dutse iri ɗaya, niƙa iri ɗaya, tsakar gida iri ɗaya.

Daga baya MSF da wata ƙungiya mai suna OK International suka gwada wani abu da masu haƙar da kansu. Maimakon a ce musu ku daina, sai aka ce ku jiƙa. A sa feshin ruwa a bakin injin niƙa yadda ƙura ba za ta tashi ba. A yi wurin wanka da canja kaya a bakin aiki, kada mutum ya koma gida da rigar da ya yi niƙa ya ɗauki ɗansa. Da aka auna, dalmar da ke cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin 100. Feshin ruwa fa, jama'a. Ba wata na'ura daga Jamus ba.

Shi ya sa ni ra'ayina, dokar muhalli ta ƙaramin mai haƙa bai kamata ta wuce abin da za a iya karanta wa mutum da Hausa a cikin minti 5 ba. Kada dutse ya shigo gari. Kada a niƙa a bushe. Injin dutse daban, na hatsi daban. Yaro ba ya zuwa wurin. Ba a wanki a rafin da ake sha. Ramin da ka gama da shi ka cike kafin ka buɗe wani. Wanda ya yarda da wannan, a ba ƙungiyarsu takarda cikin sauƙi, a nan jiharsu, da kuɗin da za su iya biya. Wanda ya karya, a ƙwace. Sannan a sa dagaci da mai unguwa a cikin maganar a hukumance, domin su ne suka san gidan da ake daka da daddare. Babban kamfani mai katafila kuwa, shi a bar masa dogon rahotonsa, har a ƙara masa.

Wani zai ce, a hana haƙar gaba ɗaya mana a huta. An gwada. A watan Afrilun 2019 gwamnatin Buhari ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro. Sai a Disambar 2024 minista Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin, kuma cikin dalilan da aka bayar har da cewa haramcin ya bar fagen ne ga masu haƙa ta ɓarauniyar hanya. Wato sama da shekara 5 ba a daina haƙa ba, ido ne kawai aka ɗauke daga kanta. A 2024 kuma an kafa dakaru na musamman daga jami'an Sibil Difens don kamen masu haƙa ba izini. Kame yana da wurinsa, musamman ga manyan da ke ɗaukar nauyi da masu fitar da kaya waje. Amma bindiga ba ta auna dalma a jinin yaro.

Kuma yunwa ba ta jin sanarwa. Samarinmu nawa ne suka tafi Djado a arewacin Nijar tun da zinare ya fashe a can a 2014? A Nuwambar 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa, jihar Maraɗi, nan kusa da iyaka, mutum aƙalla 18 suka rasu. Mutane za su je, ko da doka ko babu. Abin da doka za ta iya shi ne ta sa su dawo da rai, kuma kada su dawo wa iyalinsu da guba a aljihun riga.

To mu dawo gida, domin Kano tana cikin wannan sarƙa ta wata fuskar. Mu ba mu cika haƙa zinare a cikin birni ba, amma mu kasuwa ne. A nan ake saye, a nan ake narkawa, a nan ake ƙera wa amare. Masu haƙa suna kama zinare ne da zaiba, ruwan nan mai nauyi mai sheƙi kamar azurfa. A cakuɗa ta da garin dutse, ta manne da zinaren, sannan a ƙona, zaibar ta tashi ta zama tururi, zinaren ya rage. Tururin nan ba shi da launi, ba shi da wari, kuma kai tsaye ƙwaƙwalwa da ƙoda yake taɓawa. Zinaren da aka kawo daga daji yakan zo da ragowar zaiba a jikinsa, sai an sake narka shi take ƙarasa fita. Idan a ƙaramin shago ne cikin lungu, ba tagar kirki, to mai shagon da yaronsa da mai sayar da abinci a ƙofa duk sun samu rabonsu.

Akwai yarjejeniyar duniya a kan wannan, ta Minamata, an sa mata sunan wani gari a Japan inda zaibar masana'anta ta shiga kifi ta nakasa dubban mutane. An amince da ita a 2013, Najeriya ta tabbatar da shigarta a 2018. Cikin abubuwan da ta ce a kawar, akwai ƙona zaiba a fili, da ƙona ta a unguwar da mutane ke zaune. Maganin ma ba tsada: tukunyar ƙarfe ce rufaffiya mai bututu, tururin ya bi ta ciki ya huce ya koma ruwa, ka sake amfani da zaibarka. Maƙeran Kano da suka gaji wuta tun daga Dala, wannan ba abin da zai gagare su ƙerawa ba ne. Wani ne kawai bai kawo musu samfur ba.

Ɗan tsokaci, tunda muna maganar dalma. Kwallin nan na dutse mai ƙyalli da ake sa wa jarirai, asalinsa dutsen dalma ne. A 2012 CDC ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, aka bi sawu aka gano kwallin da aka kai daga Najeriya ne, da aka gwada shi sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ku gaya wa su Hajiya a gida cikin ladabi. Na san za a ce da shi aka raine ku, amma dai ku faɗa.

Sai haƙar da muke gani da idonmu kullum ba ma kiranta haƙar ma'adinai. Yashi, burji, jar ƙasa, duk dokar 2007 ta shafe su, su ma da lasisinsu. Tifofin da ke shigowa gari dare da rana, kowace ɗaya rami ta bari a wani wuri, a gefen wani ƙauye ko a cikin wani kogi. Kududdufan gobe ake haƙawa yanzu a bayan gari, kuma da katafila, ba da kwando irin na kakanni ba. Garin kuma yana bin su, nan da 'yan shekaru unguwa za ta kewaye su. Ita kanta ganuwa, wadda dokar ta ce irin wurinta ba a taɓawa, kowa ya san yadda aka yi ta yagar jikinta ana ɗibar ƙasa, ana gini a kanta. Ku bi ta wasu wuraren yau, sai an nuna maka za ka san nan ganuwa ce.

Saboda haka ga aikin gida. Duk wanda ake haƙa a kusa da unguwarsu ko ƙauyensu, ya je wurin mai unguwa da ladabi ya yi tambaya uku: mai aikin nan yana da takarda? Wa ya ba shi izinin filin? Kuma in ya gama, wa zai cike? Ku ɗauki hoto da kwanan wata, ku ajiye. Wanda kuma yake da ɗan'uwa a dajin zinare, ya tura masa wannan shirin, ko ya kira shi ya gaya masa maganar jiƙa dutse da canja kaya kafin shiga gida. In akwai yaro a gidan da ke yawan ciwon ciki, ko kasala, ko jijjiga ba dalili, a gaya wa likita aikin da uban yake yi, don a san abin da za a gwada.

Akwai masu sauraronmu da suka yi aikin nan da hannunsu, a Anka, a Birnin Gwari, a Nijar, har Mali. Ku muke so mu ji. Ku rubuto mana a ƙasa ko ku turo saƙon murya: nawa ake kashewa kafin a samu takarda, kuma wa ke zuwa dubawa in an samu? Za mu karanta a shiri na gaba ba tare da ambaton suna ba.

Sai mun ji daga gare ku.